Na'urar Suga a Bayan Dantse

Mai ciwon suga ya san azabar huda yatsa safe da yamma. Yanzu akwai 'yar na'ura mai faɗin sulalla da ake mannawa a bayan dantse. Wani siririn zare ke shiga ƙarƙashin fata, yana auna sugan ruwan jiki dare da rana. Ba jini take aunawa kai tsaye ba, shi ya sa takan makara da 'yan mintuna. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott tana kwana 14, Dexcom G7 kwana 10.

A ganina amfaninta ya fi fitowa cikin dare. Sababbin samfurin, da zarar suga ya faɗi, sai waya ta yi ƙara ta tashe ka. Sai dai fa tsada: duk kwana goma ko sati biyu sai an sayo wata, ga kuɗin insulin na jira.