Ƙofar Haske a Kyamarar Waya



Duk wanda ya je sayen waya, tambayarsa ta farko ita ce megafiksel nawa kyamararta ke da shi. Alhali kyawun hoto ya fi dogara ga yawan hasken da ya shiga, da girman farantin da ke karɓarsa a cikin wayar.

Hasken ta wata ƙofa yake bi a gilashin kyamara, ana kuma rubuta faɗinta da harafin f da lamba. Lissafin a juye yake, domin f/1.5 ta fi f/2.4 faɗi. Ƙofa mai faɗi ita ce ta dare da cikin ɗaki. Matsattsiya kuwa, in akwai rana, na kusa da na nesa duk sukan fito tar.

Yawancin wayoyi ƙofarsu a kafe take. Samsung ta sa mai canzawa a Galaxy S9 a 2018, ta jingine ta daga Galaxy S20. A 2022 Huawei ta fito da Mate 50 Pro, wadda ƙofarta ke tafiya daga f/1.4 zuwa f/4.

Dushewar baya da muke sha'awa a hotunan biki kuwa, galibi manhaja ce ke ƙirƙirarta, shi ya sa takan cinye bakin ɗankwali.

Don haka kafin ka biya, ɗauki hoto a wuri mai duhu, ka faɗaɗa shi ka duba.

Mu kwana nan.