MURYARKA, ƊAKINKA: YADDA ZA KA NAƊI MURYA TSAF BA TARE DA KA JE SITIDIYO BA

 Gaisuwa ta musamman ga matasan Birnin Kudu da Gwaram, har su Babaldu da Sara.

Yau magana ce a kan murya. Muna da mawaƙa, muna da sha'irai, muna da masu faɗakarwa a kan shaye-shaye da karatun 'ya'ya mata. Amma da yawa idan sun naɗi saƙo a waya, sai ka ji kamar daga cikin rijiya suke magana. Mai sauraro ba ya jira, daƙiƙa biyar ya wuce. Saƙo mai kyau ya mutu saboda ɗaki. Wani kuma sai ya tara kuɗin mota ya tafi Zoo Road a Kano don aikin minti uku.

To, mene ne matsalar? Amsa-kuwwa. Mu 'yan Birnin Kudu bai kamata a koya mana wannan ba. A duwatsunmu ne Bernard Fagg ya tarar da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa a 1955. Abu mai tauri mayar da sauti yake yi. Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, ke nan a ɗaki mai tsawon mita 4, zai iya kai-komo tsakanin bango da bango sau fiye da 40 kafin daƙiƙa ta cika. Bangon siminti, tayil, gilashi, rufin kwano, duk suna jefo maka muryarka cikin makirfo. Abu mai laushi da kauri shi ke shanye ta.

Ga gwaji. Tsaya a ɗakinka ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani ziii ya biyo baya, akwai aiki.

Na farko, zaɓi ɗaki. Kada ka raina ɗakin ƙasa na tsohuwarka. Bangonsa da kauri, ba shi da santsi, ga gado, ga tufafi, ga buhunan gero. Sau da yawa ya fi falon tayil da babu komai a ciki.

Na biyu, katifa. Jingina ta a bangon da ke bayanka. Mutane na sa ta a gaba kawai, alhali makirfo kai yake kallo, don haka abin da ya dawo daga bayanka shi ya fi kwasa.

Na uku, bargo. Ɗaura igiya hagu da dama ka rataya barguna masu nauyi. Kada su manne da bango, bar tazarar tafin hannu, sun fi shan sauti a haka. Ƙasa kuma shimfiɗa kafet ko darduma. In ba sili a ɗakin, ɗaura wani bargon a sama kamar rumfa.

Na huɗu, wurin tsayuwa. Ban da kusurwa, nan murya ke yin gum. Ban da tsakiyar ɗaki cif. Tsakanin bakinka da makirfo ya zama kamar santimita 15, ka ɗan karkatar da shi gefe. Don iskar da ke fita wajen faɗin "fa" da "ba", lanƙwasa wayar ƙarfe ta zama zobe, ka ja siririyar safa a kai, ka sa a gaban baki.

Yanzu batun kiret ɗin ƙwai. Don Allah ku daina wahala. Kamanninsa kawai ya yi da soson sitidiyo, amma siriri ne, abin da yake sha kaɗan ne, ga tara kyankyasai, ga saurin kama wuta.

Sannan mu gane, bargo amsa-kuwwar ciki yake kashewa, ba ya hana ƙarar waje shigowa. Janareton maƙwabci, injin niƙa, tirela a kan babban titi, maganinsu lokaci ne. Naɗi bayan sallar Asuba kafin gari ya waye sosai, ko da dare in ƙafa ta ɗauke. Toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Kashe fanka. Sa waya a yanayin jirgi. Ranar da ruwa ke dukan kwano, haƙura kawai.

A kula da lafiya. A zafin Afrilu, kada ka kulle kanka cikin barguna fiye da minti goma, fito ka sha iska. Kada a kunna kyandir ko maganin sauro kusa da katifa.

In kana da kwamfuta, Audacity kyauta ce. Bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon naɗi, da shi manhajar za ta gane ƙarar da za ta rage. Amma amsa-kuwwa in ta shiga, fitar da ita jan aiki ne. Gyara ɗaki tukuna.

'Yan'uwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a unguwa, wannan ya kawo katifa, wancan bargo, wani ya ba da ɗaki. Ku ware wa 'yan'uwanmu mata lokacinsu, da sanin iyaye. Labarin garinmu, in ba mu faɗa da bakinmu ba, wani zai faɗa mana yadda ya ga dama.

Ku gwada, ku turo mana muryar kafin gyara da ta bayan gyara mu ji bambanci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.