Dashen Ciki da Doka: Wa Ke Kare Likita, Wa Ke Kare Nasaba?

 

Duk wanda ya tashi a unguwar Jonke, nan Benin, ya san tasharta. Motoci na lodi, 'yan canji na lissafin sefa da naira. Cikin fasinjojin akwai waɗanda ba fatauci ya fito da su ba: mata da miji ne, da takardun gwaji a jaka, za su Legas ko Lome ko Akara neman haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mu kuwa a nan, mace ake kira juya, alhali sau da yawa matsalar tana wajen maigida.

Dashen ciki ba sabon abu ba ne. A ranar 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririyar kwalba ta farko, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A 1989 Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru suka yi nasarar irinsa a asibitin koyarwa na Legas. Ilimin ya iso gare mu tuntuni. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne dokar da ya kamata ta rako shi.

Ku biyo ni ɗakin gwaji. An ciro ƙwan mace, an haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗan faranti, an liƙa suna. Bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifa. Ragowar a daskarar da su cikin tukunyar sinadari mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda za su iya shekaru. To, a ce maigida ya rasu, matar ta fita takaba ta dawo ta ce a dasa mata. Ko a ce aure ya mutu, miji ya ce a zubar, mata ta ce a ajiye. Likita ya bi wa? In babu doka bayyananna da yarjejeniya rubutacciya, duk wanda ya bi, ɗayan zai maka shi kotu.

Ingila ta hango wannan: bayan rahoton kwamitin Warnock na 1984 ta yi doka a 1990, ta kafa hukumar da ke ba asibitoci lasisi tana kuma bincikarsu. Faransa ta yi nata dokokin a 1994. Nijeriya, duk da yawan asibitocinta, ba ta da dokar tarayya ta musamman, sai dai jihar Legas ta fitar da ƙa'idojinta a 2019. A nan Benin, dokar kare yara ta ranar 8 ga Disamba 2015 ta yi tanadi kan taimakon likita wajen samun haihuwa. An kafa harsashi ke nan. Amma ku faɗa mini, mutum nawa ne a zauren nan suka taɓa jin labarinta?

Shari'a ma ba ta yi shiru ba. A 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙ, ya halatta dashen matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, auren kuma yana raye. A 1986, a birnin Amman, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba hanyoyi bakwai, ta amince da biyu, ta haramta biyar saboda shigar wani na uku: aron maniyyi, aron ƙwai, ko aron mahaifa. Dalili shi ne kiyaye nasaba, wadda gado da muharramaka suka rataya a kanta. Dokar ƙasa tana iya barin abin da malamanmu suka hana, don haka wajibi ne takardar da Musulmi zai sa wa hannu ta faɗi ƙarara cewa ba za a sako masa kayan wani ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Takardar da Faransanci take, lauyan asibiti ne ya rubuta ta. Hajiya da ke sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa ta dangwala yatsa ba tare da an gaya mata cewa gwaji ɗaya ya fi yawan faɗuwa a kan kamawa ba. In bai kama ba ta ce an cuce ta, likitan kirki ya kwana a ciki. Mayaudara kuma su fake a wannan duhun, kamar waɗanda BBC ta bankaɗo a jihar Anambra a 2024, masu kumbura wa mata ciki da allurai su miƙa musu jariran wasu. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Hukuma ta wallafa sunayen asibitocin da ta ba izini, ta riƙa kai musu ziyarar bazata. Asibitoci su ajiye lauya da tafinta, a karanta wa ma'aurata yarjejeniya da Hausa ko Dandanci ko Fon, har da kuɗin aiki da makomar abin da aka daskarar. Limamanmu kuma su zauna da likitoci, su fahimci aikin kafin su ba da fatawa.

Iyayena mata, 'yan'uwana maza, haihuwa ta Allah ce, neman magani kuma halal ne. Amma kada ku sa hannu a takardar da ba a fassara muku ba.