Littafi, Takalmin Gudu Da Hanyar Gida

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara)



Da takardar gayyata ta iso hannunmu, mun zaci za a ce mu yi magana a kan rijiyar burtsatse ko rufin azuzuwa, kamar yadda aka saba. Sai muka tarar an nemi mu faɗi abin da muke yi da lokacinmu idan an tashi daga aiki. Wani dattijo a kwamitin shirya taro ya ce tun bara da ya hango mu da sanyin safiya muna sassarfa a bayan gari, ba kare ba ɗan sanda a bayanmu, bai sami wanda ya yi masa gamsasshen bayani ba. To Baba, yau ga bayanin.

Da littafi abin ya fara. Waɗanda suka yi firamare a zamaninmu za su tuna Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron nan Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zaga da shi. An buga shi a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Mun karanta shi har bangonsa ya cire, daga nan kuma muka kamu da son ƙagaggun labaran kimiyya, son da har yau bai sake mu ba.

Mun san abin da akan ce: tatsuniya ce, gizo da ƙoƙi ne suka sa rigar Turawa. Amma a duba. A 1865 wani Bafaranshe mai suna Jules Verne ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Florida, a ci gaban labarin kuma suka faɗo cikin tekun Fasifik. Bayan shekara ɗari da huɗu, mutum uku suka tashi daga Florida ɗin a kumbon Apollo 11, suka dawo suka faɗa tekun Fasifik. A 1945 kuma Arthur C. Clarke, Baturen Ingila wanda daga baya ya yi suna a wannan fage, ya rubuta maƙala yana nuna cewa idan aka ajiye na'ura a nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa, za ta riƙa zagayawa daidai da juyawar duniya, har a gan ta kamar a tsaye take, kuma guda uku sun isa su kai saƙo kusan ko'ina. A lokacin ba a taɓa harba tauraron ɗan Adam ko ɗaya ba, sai a 1957. Farantin da ke kan rufin gidajenmu, wanda ake kafe shi ya fuskanci wuri guda ba ya motsi, a kan wannan lissafin yake aiki.

Ba muna cewa marubutan nan masu duba ba ne. Verne da igwa ya harba mutanensa, da an gwada haka da gaske da ba wanda zai kai labari. Amfanin irin wannan karatu shi ne yana saba wa yaro da tambayar nan ta “da a ce”. Da a ce ruwan garin nan ya ƙafe, yaya za a yi? Da a ce inji ya karɓe aikin akawu, me akawu zai ci? Abin takaici, tun daga shekarun 1980 marubutanmu suka cika kasuwa da littattafan soyayya, ba kuwa muna raina su ba, don su suka riƙe karatun Hausa a gidaje da yawa, amma labaran kimiyya ba su taka kara sun karya ba. Alhali a cikin zauren nan akwai injiniyoyi da likitoci da ke da abin faɗa. Wanda ya iya rubuta rahoton shafi hamsin ga hukuma ba zai gaza rubuta wa ɗansa labarin shafi goma da harshen uwarsa ba.

Gudu kuwa ba don nishaɗi muka fara shi ba. Likita ne ya auna mu ya ce jini ya hau, ya tambaye mu yaushe rabonmu da tafiyar kilomita ɗaya a ƙasa. Muka rasa amsa. Daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis, daga nan sai tuwo da kallon labarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Kowa ya yi wa kansa lissafi a zuci, ba sai ya ɗaga hannu ba.

Ranar farko ba mu kai ƙarshen layinmu ba muka tsaya muna haki, maigadin maƙwabta yana cewa, “Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?” Sai da muka shekara uku kafin muka yi ƙarfin halin shiga gudun fanfalaki, wanda tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, kwatankwacin daga Kano zuwa Wudil. A nan muka koyi abin da littafi bai koya mana ba. Jikin mutum yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma ajiyar takan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35. Mu da muka fita da zafi, muna wuce samari muna jin daɗi, a daidai nan ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Wata dattijuwa da muka wuce tun farko ta zo ta gifta mu a hankali, ba ta ko dube mu ba. Da ɗingishi muka ƙarasa.

Manyan wannan fage 'yan nahiyarmu ne. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokyo a 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata. Eliud Kipchoge na Kenya ya gama wannan tazara cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, ko da yake ba a lissafa shi a matsayin bajintar gasa ba, saboda tsari na musamman aka yi masa. Sai dai ba ma bukatar zuwa Habasha neman misali. Kakanninmu fatake da ƙafa suke zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni, da jakuna da kaya. Wasu da ƙafa suka ratsa Cadi da Sudan zuwa aikin Hajji, zuriyar waɗanda suka yada zango a hanya tana can har yau. Jikokinsu ne mu, da muke tayar da mota don sayo burodi a bakin titi.

Ba za mu daɗe a kan na'urori ba, don yaranmu sun fi mu sani. Agogon da ke hannunmu yana sauraron taurarin GPS da ke nisan kusan kilomita 20,000, kuma idan ya ji daga huɗu sai ya gane inda muke, ya faɗi tazarar da muka yi. Abin sha'awa ne, amma ba ya yi wa kowa gudu. Mun san masu agogon da ya fi namu tsada waɗanda tumbinsu bai san an saya ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne na ƙarshe. Wata rana autarmu ta zo da aikin makaranta, an ce ta zana taswirar garinsu. Ta zana unguwarmu ta birni, da shataletale da kantin zamani. Muka ce ina garinku? Ta ce, “Baba, ai can garin su Kaka ne.” Ba laifinta ba ne. Mu ne muke kawo su sau ɗaya a shekara, a kulle cikin mota, kowa da waya a hannu, a kwana biyu a juya.

Tun daga ranar muka sauya yadda muke tafiya. Mun san halin da hanyoyi suke ciki, ba kuma za mu ce kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba. Ana tambaya kafin a tashi, ana tafiya da rana, hanyar da aka ce a bari a bar ta. Amma inda hali ya yi, muna tsayawa. Mun kai su rijiyar Kusugu a Daura, suka ga wurin da labarin Bayajidda yake nufi. Mun kai su marinar Ƙofar Mata a Kano, suka ga yadda baba ke rina hannun marini. Sun yi wanka a ruwan ɗumin Wikki da ke Yankari. A mota akan kashe waya na awa ɗaya, babban ya karanta wa ƙannensa labari da ƙarfi, uwarsu tana gyara masa Hausa, mu kuma muna riƙe da sitiyari muna dariya a ɓoye. Idan aka iso nan kuwa, mota takan huta. Da ƙafa muke zagaya dangi, da ƙafa muke zuwa fadama, yaran suna tambayar sunan kowace bishiya. A bara autar ce da kanta ta nuna wa wani baƙo hanyar kasuwa.

Mai girma shugaba, mun ga ana yi mana nuni da agogo. Gobe idan Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, za mu tashi daga ƙofar makarantar firamare zuwa bakin fadama mu dawo. Mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka a hankali, a zo da yara da gorar ruwa. Baba, kai ma muna sa ran ganinka, ko da sandarka ce.