KASHIN SHANU DA WAYAR NIGELEC
Jawabin da malamin lakwal ya yi gaban taron ƙungiya a Barmu



An ba ni magana bisa tambayar da ta taso a zaman da ya wuce: ko ya kamata mu ɗauki kuɗin asusu mu sayi injin wuta mai aiki da iskar kashin shanu, mu haɗa shi da wayar NIGELEC, mu riƙa sayar da wuta? Kuɗin nan gumin kowa ne, saboda haka mu yi lissafi tukuna.

Da farko, mine ne wannan iska? In aka dama ɗanyen kashi da ruwa, aka zuba cikin rami ginanne aka rufe, bayan ƴan makwanni sai ya ruɓe ya fidda iska mai kama wuta. Nasara suna ce mata biyogaz. Tana dafa tuwo, tana tada inji. Abin da ya rage cikin ramin kuma taki ne mai kyau.

Sayar da wutarta ba tatsuniya ba ce. A Jamus, dokar shekarar 2000 ta tilasta wa masu waya su sayi wutar manoma a farashi tsayayye, har aka gina irin waɗannan tashoshi wajen 9000. Kusa da mu, a Wagadugu, FasoBiogaz ta soma a 2015 da inji mai kilowat 275, tana ba kamfanin SONABEL wuta. Amma ku lura da inda aka kafa ta: gefen babbar mahauta, inda tumbi da kashi ba su yankewa rani da damana.

Mu ma muna da dalili. Tun 1976 wutar Kainji ke shigowa Yamai ta Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Kowa ya ga abin da dogaro da wutar maƙwabci ke jawowa. A jaharmu ta Tawa, tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, ta soma aiki a 2018. Ke nan ana iya samar da wuta nan gida a zuba ta cikin waya.

To, ga lissafin allo. Kilo 25 na ɗanyen kashi ke ba da iska lita 1000. Lita 1000 ɗin nan, in an ba inji, ba ta kai kilowat-awa 2 na wuta ba. Inji mai kilowat 10, in zai yi awa 5 kullum, yana son iska lita 30,000, wato kashi kilo 750 da ruwa lita 750, bido 30 ke nan mai lita 25. Saniyar da ke yini daji, abin da za ka kwasa a turkenta da safe bai wuce kilo 5 ba. Ku raba 750 da 5. Shanu 150 ke nan, masu kwana wuri guda, kowace rana ta Allah. Kun kuwa san da damana garken Adar arewa yake yi, har Ingal, da bazara kuma rijiya ja da baya take. Wa zai ɗebo bido 30 a watan Afrilu don inji, alhali mata na jiran layi?

Sai maganar waya. Wutar NIGELEC tana da ƙa'ida: volt 220, tana kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Injin da bai daidaita da ita ba, ƙonewa yake. Dole a sa na'urar da ke daidaita su, da ma'auni mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Wadda ta fi duka: na'urar da ke cire injinmu nan take in an ɗauke wuta. In babu ita, ma'aikaci ya hau turke yana zaton waya a mace take, wutarmu ta kashe shi. Wannan alhaki ba mai iya ɗaukarsa. Kuma ba a taɓa waya sai da takarda: akwai dokar lantarki ta 2016, akwai hukumar ARSE mai sa ido, kuma sai an yi yarjejeniya da NIGELEC, da farashi a rubuce.

Shawarata uku ce.

Na ɗaya, kada mu taɓa asusu don inji bana. Mu gina rami guda na gwaji a gidan mai turke huɗu ko biyar. Iskarsa ta isa girkin awa biyu, ta rage wa ƴaƴanmu mata neman itace, takin ya tafi gona.

Na biyu, mu naɗa mutum biyu su riƙa auna kashin da ake samu wurin masu kiwon turke, da kasuwar dabbobi, da mahauta, wata goma sha biyu cur, su rubuta cikin littafi. Ƴan ajina na iya taimaka musu da ƙidaya.

Na uku, in littafin ya nuna kilo 750 ba ya yankewa, sai mu tura wakilai Tawa su tambayi sharuɗɗa kafin mu sayi ko ƙusa guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa bai kai ba, mu tsaya ga tukunya da gona, babu kunya ciki.

Iyayena, ku ne masu yanke magana. Allah ya ba mu damana mai albarka.