Kaka Ta Yi a Gida: Ina Godiyarmu?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Gwarzo da Kabo mazauna birane)



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da malamai, iyayenmu mata, 'yan uwa da abokan arziki, muna yi wa kowa barka da zuwa, musamman waɗanda suka kwana a hanya daga Legas da Fatakwal da Abuja. Mun saba a irin wannan zama mu tattauna batun hanya da asibiti da rufin makaranta, kuma babu shakka za a zo kansu. Amma kafin nan muna neman izini mu ɗan tsaya a kan wani abu da ba ya shiga ajandar kowane kwamiti, wato kaka, da abin da take bin mu bashi, mu da muka bar gida.

Duk wanda ya tashi daga Kabuga a watan Oktoba ya kama hanyar Gwarzo, da zarar ya wuce Janguza da Rimin Gado ya shiga ƙasar Kabo, idonsa zai gaya masa abin da kalandar ofis ba ta gaya masa ba. An riga an yanke gero, dammuna suna jingine a bakin gona. Ana cirar gyaɗa, mata da yara suna roron wake, an ɗora harawa a kan bishiya don kada awaki su kai gare ta. Dawa kuwa, farafara da ƙaura, tana nan tsaye ta sunkuyar da kai, tana jiran iskar hunturu ta ƙarasa busar da ita. Ruwa ya ɗauke, da asuba raɓa ce ke jiƙa ƙafa, da rana kuma ga zafin nan na kaka mai nuna amfanin gona. Da yawa daga cikinmu mun fi shekara goma ba mu ga wannan da idonmu ba, domin ba ma zuwa gida sai da Sallah, ko in an yi rasuwa.

Jama'a, mu mazauna birni mun koma lissafin rayuwa da wata. Kwana 30 ne iyakar hangenmu: albashi ya shigo, kuɗin haya da na makaranta su cinye shi, mu sake zuba ido. Shi ya sa hankalinmu ba ya kwanciya, kullum muna kan gaɓar ƙarewa. Manomi kuwa da shekara yake lissafi. Yana zuba iri a ƙasa a watan Yuni bai san abin da sama za ta yi ba, ya yi noman farko, ya yi maimai, ya jure wata huɗu ko biyar kafin ya ga sakamako. Mutumin da ya saba jiran wata biyar ba ya firgita don abu ya yi jinkirin mako guda. Ba muna cewa rayuwar ƙauye hutu ce ba, wanda ya taɓa riƙe fartanya tun hantsi har azahar ba zai faɗi haka ba. Abin da muke cewa shi ne, akwai wani nau'in natsuwa da muka baro a can, kuma ba a sayar da ita a kanti.

Daɗin kaka ba ya fahimtuwa sai ga wanda ya san marka. A watan Agusta ne rumbu yake yin ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, uwar gida ta riƙa auna tsaba da tafin hannu, a cika tukunya da tafasa da rama. Sai wata rana da yamma a karyo zangarniyar gero a gasa tumu, yara su kewaye wuta suna murzawa suna hurawa. Wanda ya ci tumun farko bayan irin wannan marka ba ya bukatar a yi masa wa'azin godiya, bakinsa da kansa yake furta ta.

Iyayenmu sun san abin da ya fi marka tsanani. Kakanninsu sun ba su labarin Kakalaba, yunwar da ta auka wa ƙasar Kano a 1913 zuwa 1914. Dattawan da ke zaune a wannan zaure sun ga farin 1973 da idonsu, sun kuma ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, wadda daga ita dalar gyaɗar Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Saboda haka idan tsoho a Getso ko Kutama ko Garo ya dubi rumbunsa ya ce alhamdu lillahi, ya san abin da yake faɗa, ya san shekarar da rumbun ya kwana babu komai.

Abin sha'awa, a cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kabo akwai wadda sunanta Godiya. Mun daɗe muna ambaton sunan a bakinmu ba tare da mun tsaya mun saurare shi ba. To, a wurin mutanen da suka haife mu, godiya aiki ce da ake yi da hannu. Kafin dami ya shiga rumbu ana fitar da zakka: idan amfanin ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, daidai da sa'i 300, a fitar da ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, ko rabin haka ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. A nan manomi yake ware dami ɗaya cikin kowane goma tun a gona, kowa yana gani. Bayan wannan akwai damin malam, da na gwauruwar da ke maƙwabtaka, da na wanzami da maƙeri. Kuma ba a tsince gona ƙarƙaf, ana barin abin da masu kala za su samu. Sai bayan an sauke waɗannan haƙƙoƙi ake maganar ɗaurin aure da sabuwar riga da dambe a dandali.

Yanzu bari mu zo inda maganar take da ɗaci. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda farashin hatsi ya haura a 2024, har magidanta a birni suka koma sayen rabin kwano. A kakar 2025 kuma farashin masara da sauran hatsi ya faɗi warwas, mu a birni muka yi ajiyar zuciya muka ce sauƙi ya samu. Amma ɗan uwanmu da ya sayi taki da tsada, ya biya kuɗin huɗa da na maganin feshi, wani ma da bashi, shi ya kai buhunsa kasuwar Getso ya dawo da abin da bai mayar masa da kuɗin takin ba. Farin cikinmu da baƙin cikinsa abu guda ne, buhu ɗaya ne aka duba ta fuska biyu. Kuma duk da haka, in mun je gida, shi ne zai ɗaura mana buhun wake a bayan mota ya ce a kai wa yara, mu kuwa mu karɓa mu ce an gode, kamar daga sama ya faɗo. Anya wannan godiya ce?

Haka nan batun zaman lafiya. Shekara da shekaru muna jin labarin abin da ke faruwa a wasu sassan Katsina da Zamfara, inda manomi ba ya iya girbe gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, muna ganin abin kamar a wata duniya yake. A ƙarshen 2025 hare-haren suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san tsakanin Gwarzo da Shanono ba tafiya ba ce. Ashe fita gona da asuba a dawo da magariba lafiya, a bar dami a fili ya kwana, ni'ima ce da ba mu taɓa sa ta a lissafi ba. Allah Ya tsare mana garuruwanmu, Ya kawo wa maƙwabtanmu sauƙi.

To, me ya rage a kanmu? Yawancinmu muna da gonar gado da wani ƙane ko ɗan wa yake nomawa. Kafin mu tambaye shi buhu nawa aka samu, mu fara tambayarsa nawa ya kashe, kuma zakkar wannan gona a fitar da ita a garin da aka noma ta, inda mabukatan suka ga shukar tun tana tsiro. Wanda zai sayi abincin shekara, maimakon ya jira hatsin ya bi ta hannu uku ya iso Dawanau, ya saya a gida a hannun manomi, kuma kada ya taya shi tayin wulaƙanci don ya ga yana cikin matsi. Muna kuma ba shugabannin wannan ƙungiya shawara su duba yiwuwar sayen hatsi da kaka daga asusunmu a adana, in marka ta zo a sayar wa mutanenmu a kan farashin da aka saya. Ba sabon abu ba ne, aikin da rumbun gandu yake yi ke nan tun kafin a haife mu. Akwai wahalar ajiya da maganin ƙwari da amanar wanda zai riƙe mabuɗi, mun sani, amma ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin wannan taro ba za ta gaza wannan ba.

Sai 'ya'yanmu. Akwai yaranmu da suka kai aji shida na sakandare ba su iya bambance zangarniyar gero da ta maiwa ba, suna tsammanin tuwo daga leda yake fitowa. Laifin namu ne. Daga Kano zuwa Gwarzo bai kai tafiyar awa biyu ba. Dawa tana nan ba a gama yanka ba, kuma Asabar mai zuwa ba ranar makaranta ba ce. Mu ɗauke su mu kai su, a ba su lauje su gwada, ƙaiƙayi ya ɗan cije su, su zauna a gindin rumbu kakarsu ta auna musu gyaɗa a hula.

 Allah Ya maimaita mana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.