Jawabi Ga 'Yan'uwa Masu Kiwon Kaji A Sabo: Araha Ba Ta Ado



Jama'a, duk sanda masara ta yi tsada a nan Ibadan, sai mu ga masu kaji sun koma wa dusa don sauƙin kuɗi. To, a yi hattara. Ƙarfin abinci muke saye, ba girman buhu ba.

Masana na auna wannan ƙarfi da kilokalori. Kilo ɗaya na masara yana ba kaza kimanin 3,400. Dawa tana biye da ita kusa-kusa, musamman fara, don wata jar dawar tana da bauri mai hana abinci narkewa. Dusar alkama kuwa ba ta cika kai 2,000 ba, tunkuzar kwakwar manja ma ba ta yi mata nisa ba. Alhali kazar nama na bukatar wajen 3,000 a kilo, mai ƙwai kuma wajen 2,700.

Mu 'yan kasuwa ne, mu buga lissafi. Sai kusan kilo biyu na dusa ya kamo kilo ɗaya na masara. Ke nan in kuɗin dusa ya haura rabin na masara, ina ribar? Ga shi cikin kaza ƙarami ne. Za ta ƙoshi amma ba ta yin nauyi, ƙwai kuma ya ja baya.

Abin da Allah Ya hore mana a ƙasar Yarabawa shi ne rogo. Garinsa ya kusa masara ƙarfi, sai dai sinadarin gina jiki ya yi masa ƙaranci, don haka dole a haɗa da ƙuliƙuli ko waken suya. Kuma ɗanyen rogo yana da guba, sai an jiƙa an shanya ya bushe ƙarau. Bawonsa ma kada a zubar, cibiyar IITA da ke nan garin ta nuna yadda ake sarrafa shi ya zama abincin dabbobi. In haɗi ya yi rauni, a ɗan zuba manja, ƙarfinsa ya ninka na masara. Ƙuliƙuli mai fumfuna kuwa a guje shi, yana kashe 'yan tsaki.

Shawararmu ita ce a rage masara kaɗan-kaɗan, ana lura da kajin, kada a sauya a rana ɗaya.

Allah Ya sa albarka a nemanmu. Wassalamu alaikum.